Idan aka sace sinadarin haɗa bam ɗin nukiliya, ta yaya za a gane?

Wani malamin makarantar sakandare ya aiko mini da tambaya bayan ya saurari wani shiri na rediyo kan arzikin ƙarƙashin ƙasa na Nijar. Ya ce: "Malam, mun san ana haƙo yuraniyam a Arlit, kuma a 2023 mun ji labarin wasu ganguna na yuraniyam da suka yi ɓatan dabo a Libiya. Shin wani zai iya sace irin wannan kaya ya haɗa bam da shi? Su kuma masu ajiye shi, ta yaya suke sanin ba a taɓa musu ko da cokali ɗaya ba?"

Malam, Allah ya saka da alheri. Tambayarka biyu ce a haɗe, kuma amsoshinsu ba su yi kama da juna ba. Ta farko amsarta na kwantar da hankali. Ta biyun kuwa ita ce ta daɗe tana hana masu wannan fanni barci, don haka a kanta zan fi tsayawa.

Abin da ake fitarwa daga Arlit gari ne mai launin rawaya da ake ɗurawa a ganguna, kuma tsakaninsa da bam akwai tafiya mai nisan gaske. Yuraniyam kamar yadda yake a cikin ƙasa gauraye yake, kuma nau'in da ke iya tarwatsewa ya ba da ƙarfin bam, wato yuraniyam-235, bai wuce kashi 0.7 cikin 100 ba. Kafin ya zama abin tsoro sai an mayar da shi iska, an tura shi ta cikin ɗaruruwa ko dubban na'urori masu juyawa da tsananin gudu, ana tace shi sannu a hankali har kason nan ya hau. Man da tashoshin lantarki ke amfani da shi yana tsayawa ne a kashi 3 zuwa 5. Daga kashi 20 zuwa sama ana kiransa mai tsananin tacewa, kuma daga nan ido ke komawa kansa. Na makamai kuwa yakan kai kusan kashi 90. Wannan aiki na tacewa yana cin kuɗi da wutar lantarki da ƙwararru da shekaru, kuma har yau gwamnatoci da manyan kamfanonin da ke ƙarƙashin idonsu ne kaɗai suka iya shi. Saboda haka wanda ya saci ganga guda ta garin Arlit ya saci kaya mai guba da ke iya cutar da ƙodarsa idan ya shaƙa ko ya haɗiya, amma bai samu bam ba, bai ma kama hanyarsa ba.

Haka batun Libiya yake. A watan Maris na 2023 shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, Rafael Grossi, ya sanar da ƙasashe cewa sufetocinsa ba su tarar da ganguna 10 ɗauke da kusan tan 2.5 na wannan gari a inda aka ce suna ajiye ba, a kudancin ƙasar. Kashegari dakarun gabashin Libiya suka ce sun tsince su 'yan kilomita kaɗan daga wurin. A ma'aunin hukumar, sai yuraniyam da ba a tace ba ya kai tan 10 kafin a ɗauke shi a matsayin adadin da ke iya kai mutum ga bam guda, ko shi ma sai bayan an tace. Abin lura a wannan labari shi ne an gane kayan sun ɓata ne domin akwai littafin da aka rubuta su a ciki, kuma akwai mutanen da suka taka har wurin suka ƙirga.

Kayan da ke da haɗari na gaskiya iri biyu ne: yuraniyam mai tsananin tacewa, da fulutoniyam da aka ware daga man da ya riga ya ƙone a tukunyar nukiliya, wato injin da ake sarrafa yuraniyam a cikinsa don samar da makamashi. Hukumar IAEA ta ƙayyade adadin da take sa ido a kansa: kilo 8 na fulutoniyam, ko kilo 25 na yuraniyam-235 a cikin mai tsananin tacewa. Waɗannan ƙarafa ne masu nauyin tsiya, sun fi dalma nauyi nesa ba kusa ba, ta yadda kilo 8 na fulutoniyam bai fi girman babban lemo ba, kilo 25 na yuraniyam kuma bai cika lita ɗaya da rabi ba. Bam ɗin da aka jefa a Nagasaki a 1945 fulutoniyam ɗin cikinsa kilo 6 ne da ɗoriya. To, abin da duniya ta tara na waɗannan kaya ya zarce tan 1,000 na yuraniyam mai tsananin tacewa da tan 500 na fulutoniyam, mafi yawansa a hannun Rasha da Amurka. Idan ka kwatanta girman lemo da girman wannan tsibi, za ka ga dalilin da ya sa tambayarka ta biyu take da nauyi. Masana sun daɗe da yin ittifaƙi cewa abin da ya fi wuya a haɗa bam shi ne samun kayan, kuma duk ƙungiyar da ta same su a shirye ta tsallake katanga mafi tsawo.

Ana tsare kayan ta hanyoyi biyu da ba su rabuwa: lissafi da gadi. Mutane sun fi tunanin gadin, wato katanga da soja da bindiga, amma a ganina lissafin shi ne ƙashin bayan aikin, domin mai gadin da bai san yawan abin da ke cikin rumbu ba, ba zai taɓa sanin an rage shi ba.

Ka ɗauki misalin injin niƙa na unguwa. An kawo dawa mudu goma, an niƙa, an auna garin, sai a ga bai cika daidai da abin da aka zuba ba. Wani ya maƙale a cikin inji, wani ya tashi a iska ya kwanta a bango da jikin mai niƙan, wani ya zube a ƙasa, sannan shi kansa mudun yau a cika shi da tozo, gobe a share bakinsa. Babu wanda ke kiran wannan sata. Amma idan mai injin ya ga dama ya riƙa ɗiban tafin hannu guda daga kowane niƙa, babu matar da za ta gane, domin abin da ya ɗiba ya ɓuya a cikin ragin da kowa ya riga ya saba da shi. Haka lamarin yake a masana'antar nukiliya, ba ƙari ba ragi. Ana raba masana'antar gida-gida a kan takarda, a auna duk abin da ya shiga kowane ɓangare da duk abin da ya fita, sannan lokaci-lokaci a tsayar da aiki, a wanke bututu, a yi ƙidayar abin da ke hannu. Bambancin da ke tsakanin abin da littafi ya ce da abin da sikeli ya nuna shi ake kira kayan da ba a san makomarsu ba, kuma kusan ba ya taɓa zama sifiri.

Ina yi wa ɗalibaina wannan gwaji a aji. Nakan ba su sukari gram 500 da sikeli mai kyau, in ce su juye shi daga kofi zuwa kofi sau shida, su narkar da rabi a ruwa, su ƙafe shi a kan wuta, sannan su dawo mini da abina. Ba a taɓa samun rukunin da ya dawo da 500 cif ba. Wani lokaci kafin su fara nakan keɓe ɗalibi guda in ce ya riƙa ɗauke ɗan tsunkule a ɓoye, kuma idan aka jera sakamakon a allo, abokansa ba sa iya nuna rukunin da aka yi satar a ciki. A ranar ce suke fahimtar abin da karatun wata guda bai koya musu ba.

Inda kaya suke dunƙule, kamar sandunan mai ko kawunan makamai, lissafi na da sauƙi, domin kowanne na da lambarsa, ƙirgawa kawai ake yi. Wahalar tana wurin da ake sarrafa gari da ruwa. Masana'antar Rokkasho da Japan ta gina an tsara ta ne ta riƙa ware kusan tan 8 na fulutoniyam a shekara. Idan kuskuren awo ya kai kashi 1 cikin 100 kacal, kilo 80 ke nan, ninki goma na adadin da IAEA ke tsoro. A 1994 an gano cewa kusan kilo 70 na fulutoniyam sun taru a matsayin ƙura a cikin akwatunan aiki na wata masana'anta a Tokai, a Japan ɗin dai, kuma sai da aka kashe kuɗi mai yawa da lokaci mai tsawo ana kankarowa kafin lissafi ya daidaita. Can baya kuma, a 1965, an tarar da giɓin fiye da kilo 90 na yuraniyam mai tsananin tacewa a wata masana'anta da ke garin Apollo a jihar Pennsylvania ta Amurka. Wasu jami'an leƙen asirin ƙasar sun yi zargin an karkatar da shi zuwa Isra'ila, wasu kuma suka ce ya salwanta ne a bututu da shara da ƙasar wurin, kuma ba a gurfanar da kowa ba. Shekara sittin ke nan ana wannan muhawara, kuma dalilin da ya sa ta ƙi ƙarewa shi ne littafin masana'antar bai da ingancin da zai raba gardama.

Labarin da na fi so kowa ya sani shi ne na Leonid Smirnov. Injiniya ne a masana'antar Luch da ke Podolsk, kudu da Mosko, ya shafe shekaru yana aiki ba a taɓa kama shi da laifi ba. A 1992, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, hauhawar farashi ta cinye albashinsa, sai ya karanta a jarida cewa yuraniyam na da tsada a kasuwar bayan fage. Ya san masana'antar ta amince da wani kaso na asara a kowane zagaye na aiki, don haka sai ya riƙa ɗiban 'yan gram-gram idan abokan aikinsa sun fita hutu, yana zubawa a ƙaramar kwalba, yana fita da ita ta ƙofar da ba ta da na'urar gano komai. Cikin watanni kaɗan ya tara kilo ɗaya da rabi na yuraniyam mai kashi 90, ya ajiye a barandar gidansa. Littafin masana'antar bai nuna komai ba. An kama shi ne a tashar jirgin ƙasa ta Podolsk bisa tsautsayi, lokacin da 'yan sanda suka zo kama wasu maƙwabtansa kan wata sata ta daban suka haɗa da shi. Ba shi da mai saye, ba shi da ƙungiya, burinsa ya sayi firiji da murhun girki. Da ɗan gari akan ci gari, kuma duk satar irin waɗannan kaya da aka gano yadda ta faru, hannun ma'aikacin ciki na cikinta. Shekara guda bayan haka wani hafsan sojan ruwa ya bi ta ɓular shinge a wata tashar gyaran jirage kusa da Murmansk a arewacin Rasha, ya yanke kwaɗo, ya kwashe kilo 4.5 na man yuraniyam na jirgin ruwa mai nitso. Jami'in da ya binciki lamarin ya ce dankali ma an fi tsaronsa.

Daga irin waɗannan darussa aka ɗauko ƙa'idojin da ake bi yau. Ba a barin mutum ɗaya shi kaɗai da kaya, dole su zama biyu, kowanne da nasa makulli ko lambar sirri. Wanda ke riƙe da littafi ba shi ke riƙe da ɗakin ajiya ba. Ana binciken ma'aikaci kafin a ɗauke shi, a kuma ci gaba da lura da halinsa, ko bashi ya yi masa katutu, ko ya shiga shaye-shaye, ko ya ƙullaci shugabanninsa. A kowace ƙofa akwai na'urar da ke jin tururin nukiliya, wato hasken da ido ba ya gani da irin waɗannan kaya ke fitarwa, da mai gano ƙarfe. Ba a kuma jiran ƙarshen shekara kafin a duba lissafi, kwamfuta na bin giɓin kowane mako, domin asarar gaskiya takan yi sama ta yi ƙasa, amma ta ɓarawo gefe ɗaya take karkata kullum. Ni kuwa ina ƙara wani abu da ba kasafai ake rubuta shi a kundin ƙa'ida ba: a biya ma'aikaci haƙƙinsa a kan lokaci. Wanda aka damƙa wa makullin irin wannan ɗaki bai kamata ya kwana yana tunanin abin da iyalinsa za su ci ba.

Sai kuma sufetocin IAEA, waɗanda hedikwatarsu ke Biyana, babban birnin Ostiriya. Ƙarƙashin yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya da ta fara aiki a 1970, duk ƙasar da ba ta da makaman ta yarda ta bayyana kayanta kuma a zo a duba. Sufeto yakan duba littafi, ya ƙirga da hannunsa, ya auna da na'urarsa, ya ɗebi samfur. Kafin ya tafi yakan ɗaure bakin tukunya ko ƙofar ɗaki da waya, ya rufe ƙullin da wani ɗan hatimi na ƙarfe mai kama da murfin kwalba. A cikin murfin akwai zane-zanen ƙarzuwa da aka ɗauki hotonsu tun a Biyana, ta yadda idan an cire shi an maye gurbinsa da wani, za a gane idan aka mayar da shi aka kwatanta. Akwai kyamarori da ke aiki dare da rana. Akwai kuma ɗan ƙyallen auduga da ake goga wa bango ko bututu, a rufe a leda, a kai ɗakin gwajin hukumar da ke Seibersdorf, kusa da Biyana, inda ƙwayar ƙura da ido ba ya gani ke iya tona asirin irin tacewar da aka yi a wurin. An ƙarfafa wannan tsari da ƙarin yarjejeniya a 1997, bayan an gano shirin da Iraƙi ta ɓoye. Burin hukumar shi ne idan an karkatar da kayan da ke shirye, a gane cikin wata guda.

Sai dai a fahimci iyakar wannan aiki. Sufeto ba mai gadi ba ne. An aiko shi ne ya tabbatar gwamnati ba ta karkatar da kaya zuwa makami ba, tsare su daga ɓarawo kuwa nauyi ne na ƙasar kanta. Sannan kaso mafi tsoka na kayan duniya yana cikin rumbunan soja na ƙasashe masu makamai, inda babu sufeton waje da ke shiga. Yarjejeniyar kare kayan nukiliya da aka yi wa gyara a 2005, gyaran da bai fara aiki ba sai a 2016, ita ma kayan farar hula ta shafa. Wannan giɓi ne babba, kuma ba na ganin adalci a tsarin da ke ƙirga gram ɗin ƙaramar ƙasa ya bar tan ɗin babba ga amanar mai shi.

Amanar kuwa ta sha karyewa. A watan Agustan 2007 wani jirgin yaƙin Amurka samfurin B-52 ya tashi daga sansanin Minot zuwa na Barksdale ɗauke da makamai masu linzami shida da ke da kawunan nukiliya, ba tare da matuƙan sun sani ba, kuma sai da aka yi kusan awa 36 kafin wani ya farga. A Yulin 2012 wasu masu fafutukar zaman lafiya su uku, ciki har da Megan Rice, 'yar cocin Katolika mai shekara 82, suka yanke shinge bayan shinge har suka isa bangon ginin da Amurka ke ajiye yuraniyam ɗinta na makamai a Oak Ridge. Bincike ya nuna wasu kyamarori sun yi watanni a lalace, kuma masu gadi sun saba da ƙararrawar ƙarya har sun daina ɗaukarta da muhimmanci. A nahiyarmu, a Nuwamban 2007, wasu mutum huɗu ɗauke da makamai sun tsallake shingen lantarki na cibiyar Pelindaba a Afirka ta Kudu, inda ake ajiye yuraniyam ɗin da ya rage daga bama-bamai shida da ƙasar ta kwance, suka yi kusan minti 45 a ciki, suka harbi wani ma'aikaci a ɗakin kula da agajin gaggawa, suka fice. Ba su kai ga kayan ba, hukumomi suka ce fashi ne na yau da kullum, amma ba a hukunta kowa ba. A duk waɗannan wurare akwai kuɗi da kayan aiki. Sakaci ne ya shigo, irin wanda ke kama mutumin da ya yi shekara ashirin yana gadin ƙofar da ba a taɓa ƙwanƙwasawa ba.

Idan kaya suka riga suka fita, kama su a hanya abu ne mai wuya. Yuraniyam mai tsananin tacewa ba ya fitar da tururi mai ƙarfi, ana iya riƙe shi a hannu, kuma ɗan rufin dalma na iya rage abin da na'urar kan iyaka za ta ji. Yawancin kamun da aka yi ta hanyar 'yan sandan ciki ne da suka yi shigar masu saye. Haka aka kama gram 363 na fulutoniyam a filin jirgin saman Munik na Jamus a Agustan 1994, cikin jirgin da ya taso daga Mosko. A Disambar shekarar aka kama kilo 2.7 na yuraniyam a cikin mota a birnin Prague. A 2006 aka kama wani ɗan Rasha a Jojiya da kusan gram 100 a ƙunshe cikin leda. Tun 1995 IAEA ke tattara irin waɗannan rahotanni a rumbun bayanai guda, kuma masana kimiyya na iya duba siffar ƙwayoyin kayan da gaurayen nau'o'insu su gano irin masana'antar da suka fito. Abin da ya fi tayar mini da hankali a tarihin waɗannan kame-kame shi ne, a mafi yawansu, wurin da aka sato kayan bai taɓa kai rahoton ɓatansu ba kafin a kama su. Masu nema kuma akwai su. A shari'ar da aka yi a New York a 2001, wani tsohon ɗan ƙungiyar al-Ƙa'ida mai suna Jamal al-Fadl ya shaida cewa a farkon shekarun 1990 an tura shi a Khartum ya yi wa al-Ƙa'ida cinikin wani bututu da aka ce yuraniyam ne a kan dala miliyan 1.5. Masana da dama na ganin damfara aka shirya musu, amma niyyar ta fito fili.

Tunda lissafi ba ya cika ɗari bisa ɗari, gadi kuma yana iya yin gyangyaɗi, hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a rage kayan, a kuma rage yawan wuraren da suke. Abin da babu shi a ɗaki ba a sace shi. A 1991 sanatocin Amurka biyu, Sam Nunn da Richard Lugar, suka samar da dokar da ta ba da kuɗin taimaka wa ƙasashen tsohuwar Sobiyet su tsare nasu. A Nuwamban 1994 aka kwashe kusan kilo 600 na yuraniyam mai tsananin tacewa daga wata masana'anta a Ust-Kamenogorsk ta Kazakistan, a asirce, aka kai Amurka ta jiragen soja. Daga 1993 zuwa 2013 Rasha ta surka tan 500 na yuraniyam ɗin makamai, daidai da kawuna kusan 20,000, ta sayar wa Amurka a matsayin man lantarki, har ya riƙa samar da kusan kashi 10 cikin 100 na wutar ƙasar. Ban san wani ciniki da ya fi wannan amfani a tarihin wannan fanni da zan nuna wa ɗalibai ba, don haka shi nake fara kawowa. Taruka huɗu na shugabannin ƙasashe kan tsaron kayan nukiliya da aka yi daga 2010 zuwa 2016 sun ƙara ingiza ƙasashe da yawa suka rabu da nasu. Abin takaici, haɗin kan Amurka da Rasha a wannan fage ya tsaya cik tun wajen 2014.

Mu ma muna da namu kaso a wannan labari, kuma abin alfahari ne. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, ƙirar ƙasar Sin, da ta fara aiki a 2004. Ana amfani da ita wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci, da kuma horar da ɗalibai. Man da ta zo da shi yuraniyam ne mai kashi 90, kusan kilo ɗaya. Bai isa bam ba, amma kilo ɗaya a nan, kilo ɗaya a can, ai da haka Smirnov ya tara nasa. A 2018, da haɗin gwiwar Najeriya da Sin da Amurka da IAEA, aka sauya mata mai zuwa na kashi 13, aka ɗauke tsohon ta jirgin sama aka mayar da shi Sin a watan Disamba. Ghana ta riga mu da shekara guda, ta yi wa tata irin wannan sauyi a 2017. Tukunyar Zariya na ci gaba da aikinta, Najeriya kuma ta fita daga jerin ƙasashen da ke riƙe da irin wannan kaya.

Akwai wani haɗari da ya fi kusa da mu fiye da bam, kuma tunda kai malami ne ina roƙon ka isar da shi ga ɗalibanka. A asibitocin ciwon daji, da rijiyoyin mai, da kamfanonin gina hanya da duba walda, akwai ƙananan na'urori masu ɗauke da sinadarai irin su siziyam da kobal masu tururi mai ƙarfi. Ba sa yin bam ɗin nukiliya, amma suna kisa. A Najeriya Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, NNRA, ce ke ba da lasisinsu tana bin sawunsu. A ƙarshen 2002 an sace irinsu guda biyu a yankin Neja Delta, sai daga baya aka gano su a Jamus cikin tarkacen ƙarafa. A 1987 a garin Goiânia na Brazil, wasu masu tsintar ƙarfe sun ɓalle wata na'ura a asibitin da aka yi watsi da shi, suka sayar wa mai sayen gwangwan, shi kuma ya ga gari mai walƙiyar shuɗi a cikin duhu ya raba wa dangi da abokai. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara shida da ta ci abinci da garin a hannunta, kusan 250 suka gurɓata, aka kuma auna fiye da mutum 100,000. Yaranmu da yawa suna sana'ar jari-bola. Ka zana musu alamar a allo: fikafikai uku kamar na fanka kewaye da ɗigo, baƙi ko ja-ja a kan rawaya. Duk wanda ya ga ƙarfe mai nauyin da ya wuce girmansa ɗauke da wannan alama, kada ya fasa shi, kada ya sa shi a aljihu ko ya kai gida. Ya ja da baya, ya hana mutane matsowa, ya sanar da hukuma.